Layinmu Na Yaba Ya Yi Kyau, Amma Ina Mutanensa?

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu na Legas.

Tunda aka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin digiri na biyu, tambaya ɗaya ce ke ta shigo min: "Yaya, a ina zan samu ɗaki kusa da makaranta, kuma nawa zan tanada?" Amsa ɗaiɗai ta gajiyar da ni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri. Sanin kuɗin ɗaki kaɗai ba zai ishe ku ba, sai kun san irin unguwar da za ku shigo da abin da ke faruwa a cikinta. Duk wanda ya kama ɗaki a Yaba yau, ya faɗa cikin wata ja-in-ja ce da ya tarar ana yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in fara da ita unguwar kanta. Yaba tsohuwa ce. Bayan annobar da ta addabi tsibirin Legas a shekarun 1920, Turawa suka kafa hukumar tsara gari a 1928, aka yanka filaye a wannan ɓangaren don rage cunkoson tsibirin. Shi ya sa idan ka shiga Alagomeji ko Sabo ko Adekunle za ka ga layuka a miƙe ɗoɗar, kamar da rula aka ja su. Daga baya makarantu suka taru a nan: Yabatech tun 1947, Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, ga Queen's College, ga kwalejin ilimi ta fasaha. Saboda haka unguwa ce ta malamai da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan fansho da ɗalibai, masu rufin asiri dai, ba masu kuɗi can ba.

Abin ya fara juyawa ne da zuwan 'yan fasahar kwamfuta. CcHub ta buɗe a kan titin Herbert Macaulay a 2011, aka shimfiɗa wayar intanet mai sauri a yankin, ƙananan kamfanoni suka yi ta buɗe ofis. A watan Agustan 2016 Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya zo da ƙafarsa ya zagaya, duniya ta ji sunan Yaba. Sai maganar hanya: daga Adekunle kana hawa gadar Third Mainland ka sauka tsibiri, inda manyan ofisoshi suke. A 2021 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Mobolaji Johnson mai zuwa Ibadan, a 2024 kuma jirgin Red Line ya fara aiki daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Yaba. Matashin da ke aiki a banki ko kamfani a tsibiri, wanda hayar Lekki ta fi ƙarfinsa, ina zai nufa? Nan. Shi kuwa kuɗi, inda ya ga hanya nan yake bi.

To, ni a cikin ɗaya daga cikin waɗannan layukan nake zaune tun 2021, lokacin da na zo bautar ƙasa. Na gama, na ɗan taɓa aiki, na koma makaranta, duk ban bar layin ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen da zan yi magana a kansu suna nan da ransu. Gida ashirin da shida ne a layin, na ƙirga da kaina. Sanda na zo, uku ne kawai sababbin benaye. Sauran duk tsofaffin gidajen ƙasa ne masu jan kwano, da irin gidajen hayar nan masu dogon soro a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, banɗaki da kicin a baya kowa na amfani da su. Yau sababbin benaye goma sha ɗaya ne, biyu kuma ana kan zuba musu dakin.

Yadda gida ke juyewa kusan iri ɗaya ne, har na haddace. Tsohon da ya gina gidan da kuɗin sallamarsa ya rasu. 'Ya'ya sun yi yawa, wasu suna Ingila ko Amurka, babu mai son ya riƙa bin 'yan haya bashin wata uku. Sai wani ɗan kasuwar gini, wanda suke kira difelofa, ya zo da tayi: ku ba ni filin na shekara goma sha biyar ko ashirin, in rushe in gina bene da kuɗina, in ba ku falat ɗaya ko biyu da wani abu a hannu, bayan wa'adi gidan ya dawo muku. Magada suka sa hannu. Shi kuma da yake wa'adi gare shi, dole ya fitar da kuɗinsa da riba kafin lokaci ya cika, ga siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta bar wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Don haka ba zai gina gidan iyali ba. Zai yanka filin da a da yake ɗauke da iyali takwas ya fitar da ƙananan ɗakuna goma sha shida, kowanne da banɗakinsa da ɗan kicin kamar akwati. Wasu ma ba na shekara ba ne, shotlet ne, ana kama su da kwana kamar otal, musamman a Disamba da 'yan ƙasar waje ke dawowa hutu. Duk ɗakin da ya koma shotlet ya fita daga kasuwar masu neman wurin zama ke nan, sauran kuma su ƙara tsada.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye alherin da abin ya kawo ba. Layinmu a da idan aka yi ruwan Yuni ko Yuli sai ka naɗe wando har gwiwa. Yanzu an gyara kwata, an shimfiɗa intalok a rabin layin, an kafa fitilun sola. Yarinya na iya dawowa daga lakcar yamma ba tare da gabanta na faɗuwa ba. Tsofaffin gidajen nan ma ba aljanna ba ce: mutum talatin kan banɗaki biyu, waya ta tsufa, bango na zubar da ƙasa. Su kuma sababbin maƙwabtan ba mugaye ba ne. Yawancinsu sa'o'inmu ne, suna zaune gaban kwamfuta dare da rana suna neman halak ɗinsu, har da wata 'yar Kaduna da ke wa wani kamfanin waje aiki daga ɗakinta. Muna gaisawa lafiya lau.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne jerin waɗanda ke fita, da kuma wanda ake fara fitarwa.

Duk ɗan Arewan da ya taɓa sauka Legas da jaka ɗaya ya san wa ya fara karɓarsa. Ni dai teburin mai shayi ne. A bakin layinmu akwai wani bawan Allah mutumin Katsina, ya fi shekara goma yana dafa shayi da indomi a gindin wata katanga. Shi ya nuna min gidan da nake ciki, shi ya raka ni wurin mai gidan ya ce "ƙanena ne", alhali ranar ya fara ganina. A wurinsa ake barin makulli, a wurinsa ake karɓar saƙon kilishi da yaji daga gida, a wurinsa ɗalibi ke cin bashi idan wata ya yi nisa, littafin bashin ma a kansa yake. Bayan teburin akwai 'yar rumfa da tabarmi uku, nan muke jam'in Magariba da Isha. Akwai masu ruwa 'yan uwan juna biyu da kurarsu da jarkoki, akwai mai gyaran takalmi, akwai 'yan acaba da ke kwana a wani kango, sannan akwai Baba maigadi, dattijo daga wajen Tawa a Nijar, wanda ya shekara goma sha tara yana tsaron get ɗin wani gida da ke kallon namu, a zahiri kuma layin gaba ɗaya yake tsaro.

'Yan acaba ne suka fara watsewa. Gwamnatin jiha ta hana acaba a yankinmu tun Fabrairun 2020, ta sake tsaurarawa a Yunin 2022. Wasu suka koma Ikorodu da bakin iyakar Ogun, wasu suka tafi gida. Kangon da suke kwana yanzu bene ne mai hawa uku. Sai masu ruwa: kowane sabon gini da bohol ɗinsa da tanki a sama, cinikinsu ya koma rabi, sai dai idan famfo ya lalace a tuna da su. Mai gyaran takalmi kuwa katangar da yake jingina da ita aka rushe, sabon mai gini ya dasa furanni a wurin ya kewaye da ƙarfe.

Abin mamaki, aikinsu bai daina amfani ba. Waɗanda ke haƙa ramin fandishon sababbin benayen nan, da masu ɗaukar bulo a kai zuwa hawa na uku, da masu kwashe ɓaraguzai, ka saurara da kyau za ka ji Hausa suke yi. Suna kwana a cikin ginin muddin ba a sa tayil ba. Ranar da aka yi fenti aka ɗaura get, sai su naɗe tabarma su nemi wani kangon. Unguwar na son ƙarfinsu da rana, ba ta son ganin shimfiɗarsu da dare.

A bara ne abin ya iso gidan da Baba ke gadi. Wata safiya aka liƙa takarda a ƙofar kowane ɗaki: sati biyu kowa ya kwashe kayansa, an ba da gidan. Masu ruwan nan biyu a nan suke haya, tare da wata tela mai 'ya'ya uku da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Da daddare babban ya zo teburin shayi da takardar a ninke cikin aljihu, ya miƙo min.

"Malam, don Allah duba mana. An ce kora ce, amma ba mu san me aka rubuta ba."

Na karanta, na tambaye shi yadda suke biya. Ya ce shekara-shekara, kuma saura wata huɗu kuɗinsu ya ƙare. Na ce akwai rasit? Ya ce ƙaninsa na ajiye su a cikin leda tun zamanin tsohon mai gidan. Muka kira wata 'yar uwarmu lauya da ke digiri na biyu a fannin shari'a. Ita ta buɗe mana dokar haya ta Jihar Legas ta 2011. Idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce akasin haka, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan wa'adin ya cika akwai wani notis na kwana bakwai, daga nan sai kotu. Mai gida ba shi da ikon cire kwano ko ƙofa, ko ya turo ƙarti su watsar da kaya. Yin haka laifi ne mai tara ko ɗauri. Ta rubuta wasiƙa shafi ɗaya, 'yan hayar suka sa hannu, aka kai. Bayan kwana huɗu lauyan mai ginin ya kira, murya ta sauko, aka ba su wata shida. Gidan dai an rushe shi daga baya, amma telar nan ta samu 'ya'yanta sun ƙarasa zangon karatu, masu ruwa kuma sun samu ɗaki a Bariga ba tare da kayansu sun kwana a titi ba.

Baba fa? Baba ba shi da rasit, don ba haya yake biya ba. Ɗan ɗakin bakin get wani ɓangare ne na ladan aikinsa, kuma da baki suka yi magana da marigayi mai gidan, shekara goma sha tara da suka wuce. Wanda suka yi maganar da shi yana kabari. Sabon mai gini ya riga ya yi kwangila da kamfanin tsaro mai yunifom da kyamara. Na same shi yana ɗaure buhunsa, rediyonsa a gefe.

"Baba, bari mu je mu yi musu magana, ko wani abu ne su ba ka na sallama."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, mai takarda ake saurara a garin nan. Ni shaidata mutane ne, mutanen kuma duk sun tashi."

Mun je duk da haka, mu uku da mai shayi. Magadan suka ba shi kuɗin mota da ɗan abin da ba zai kai wata biyu ba. 'Yan layi suka yi karo-karo, har da tsofaffin Yarabawan da ya yi wa 'ya'yansu rakiya makaranta suna ƙanana. Ya tafi Agege wurin 'yan uwansa, daga can ya wuce gida. Maganarsa kuwa ta zauna min, don ta fi duk abin da na karanta a kan birane bayyana yadda abin yake. A unguwar da ke tashi, abin da ke rubuce shi ke tsayawa. Mutunci da daɗewa da "ai kowa ya san shi" suna aiki ne muddin waɗanda suka san ka suna nan. To su ma ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu bari in zo kanmu, mu ɗalibai, don a nan maganar take da nauyi. Mun saba ɗaukar kanmu a matsayin waɗanda tsadar haya ke zalunta, kuma haka ne. Kuɗin ɗakina ya ninka fiye da sau biyu daga 2021 zuwa yau, alhali ko ƙusa ba a ƙara a ɗakin ba. Da yawanmu mun sha jin ejan ya tambayi "ɗan wace jiha ne kai?", daga jin amsa sai ɗakin ya zama "an riga an biya". Amma akwai ɗaya fuskar. Idan mu huɗu muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki biyu da falo, mun fi ƙarfin malamin firamare mai mata da 'ya'ya huɗu da ke neman wannan gidan da albashi ɗaya. Wani ejan ya taɓa faɗa min ƙiri-ƙiri cewa masu gida sun fi son ɗalibai da samari ma'aikata: ba yara, ba yawan ruwa, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu za su tafi, a sake sa sabon farashi, shi ma ya sake cin kashi 10 ɗinsa. Ashe yawan shigowa da fitarmu ma wani injin ne da ke tura haya sama. Ba laifinmu ba ne, dole mu kwana a wani wuri. Sai dai ya kamata mu san cewa a idon mai gini muna ɓangaren masu shigowa, a idon maƙwabta kuma muna ɓangaren mai shayi da maigadi, tunda harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can. Wannan tsayuwar tana da wuya, amma tana da amfani idan mun san yadda za mu yi da ita.

Na ga amfaninta a taron 'yan layi. Kusan kowane layi a nan yana da ƙungiyar masu gida da mazauna, su ke karɓar kuɗin tsaro da na shara, su ke yanke lokacin rufe get. Mu ɗalibai muna biya, amma ba ma zuwa taro, muna ganin na tsofaffi ne. Wata Asabar aka kawo shawarar a tashi duk wani tebur da kes da rumfa da ke layin, wai saboda tsaro da tsafta, wai baƙin fuska na taruwa da dare. Kowa ya san teburin da ake nufi. Mai gidanmu ce ta tsegunta min tun ana jibi, ta ce, "Malam, idan kuna son mutuminku, ku zo ku zauna a kujera, kada ku tsaya a bakin ƙofa."

Mu bakwai muka je, kowa da rasit ɗin kuɗin tsaronsa. Ba mu ɗaga murya ba, ba mu kawo maganar ƙabila ko addini ba, don da mun fara da nan, da an tashi baram-baram. Mun ce damuwar tsaro gaskiya ce, mu ma a layin muke kwana. Muka kawo tayi: a rubuta sunan duk mai sana'a a layin da hotonsa da lambar wayarsa da wanda ya tsaya masa, mai shayi ya riƙa tashi ƙarfe goma sha ɗaya, ya sa kwandon shara, ya riƙa biyan kuɗin wata kamar kowa, a ba shi rasit. Ana cikin muhawara sai Mama mai gidanmu ta miƙe, tsohuwar malamar makaranta ce, ta haura saba'in. Ta ce daren da mijinta ya faɗi, ƙarfe biyu, babu motar da ta fito daga cikin manyan get ɗin nan. Maigadi ne da mai shayi da wani ɗan acaba suka ɗauke shi zuwa asibiti. Ta ce wanda idonsa biyu a bakin layi har tsakar dare, ya san kowace fuska, shi ne tsaron da ta sani tun kafin a kawo kyamara. Wuri ya yi tsit. Aka kaɗa ƙuri'a, tebur ya tsira, rumfar salla ma ta tsira da sharaɗin kada a tare hanya.

Ba na yaudarar kaina. Katangar da yake jingine da ita ta wani tsohon gida ce, kuma an fara ganin masu awo suna zagaya shi. Wataƙila shekara ɗaya muka saya masa, wataƙila biyu. Amma yanzu sunansa na cikin littafin ƙungiya, yana da rasit na wata goma sha ɗaya a cikin gwangwanin madara. Ranar da za a ce ya tashi, da shi za a yi magana, ba da katafila ba.

To masu shigowa, ga abin da zan ce muku.

Kada ku biya ko sisi kafin ku ga ɗaki da idonku, ku kuma ga mai gidan ko lauyansa. Hotuna a waya ba shaida ba ne, an sha karɓar kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya. Ku tambayi jimillar kuɗi tun farko, don bayan haya akwai na ejan, da na yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarna, a sababbin gidaje kuma har da kuɗin hidima na wata-wata. Doka ta hana a karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yankinmu, ko da yake za ku haɗu da masu neman ta shekara biyu; ku san dai haƙƙinku kafin ku yanke shawara. Ku karɓi rasit mai ɗauke da suna da kwanan wata da tsawon lokacin da kuɗin ya rufe, ku ɗauki hotonsa ku ajiye. Ku karanta yarjejeniya layi-layi, musamman wurin notis, don abin da kuka sa wa hannu shi zai yi aiki a kanku. Ku tambayi maƙwabta, ba ejan ba, yadda layin yake da damina. Ku duba ko mita ta kati ce, da rukunin wutar da layin yake, don a Afrilun 2024 kuɗin wutar 'yan Band A ya ninka fiye da sau uku. Idan tsohon gida ne, ku yi tambaya a hankali: mai gidan na raye? Magada sun daidaita? Idan kun ji ana maganar difelofa, ku san zaman na ɗan lokaci ne. Idan rigima ta taso, gwamnatin jiha na da cibiyar sulhu ta kyauta a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma doka ta ba ɗan haya damar ƙalubalantar ƙarin da ya wuce hankali a kotu. Wanda kuma aljihunsa bai kai cikin Yaba ba, ya duba Bariga da Shomolu da Iwaya da Abule-Oja, ko ma Agege tunda ga jirgi, amma ya lissafa kuɗin mota na wata kafin ya yi murnar arha.

Wannan na kare kai ne. Ga na sauke nauyi: idan kun zauna, ku san mutanen layinku, Bayarabe da Inyamuri da namu. Ku gaida tsofaffi, ku je taro, ku biya kuɗin layi ku karɓi shaida. Ku tambayi mai shayinku da maigadinku da mai ruwanku ko suna da wani abu a rubuce game da wurin da suke zaune ko aikin da suke yi. Idan babu, ku taimaka a rubuta tun ana zaman lafiya, ko da rabin shafi ne mai sa hannun mutum biyu da shaida. Idan an ba su takarda, ku karanta musu, ku fassara, ku nemo musu wanda ya san doka a cikinmu. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi da na masallaci suna da lauyoyi, da masu karanta tsara birane, da masu karanta harkar filaye da gidaje. Duk shekara muna haɗa kuɗin walima da ranar al'ada; awa biyu a wata na duba wa mutanenmu takardu ba zai gagare mu ba.

Ba za mu hana Yaba canzawa ba, kuma ba ma fatan ta koma kwata da duhu. Mu kanmu baƙi ne, yawancinmu da mun kare kundin bincike za mu kama hanyar Kano ko Gombe ko Abuja. Amma abin da ake yi a nan shi ake yi a can, a duba yadda tsofaffin gidaje ke komawa plaza a garuruwanmu. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Waɗanda suka tare mu da kofin shayi ranar da ba mu san kowa ba, ba su nemi takarda a wurinmu ba. Mu da Allah ya ba takardar, kada a tashe su a gabanmu muna kallo ta taga.

'Yan uwa na Agbowo a Ibadan, da na Choba a Fatakwal, da na Nsukka da Benin, ku faɗa mana yadda abin yake a wajenku. Wanda kuma zai shigo Legas a wannan zangon, ya yi min magana kafin ya tura wa kowa kuɗi, in Allah ya yarda za a samu mai raka shi ya ga ɗakin.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gida lafiya. Baba kuma, duk inda yake, Allah ya saka masa da alheri.